Dekin Mai Yoyo a Yelwa: Kwalta, Fenti, ko a Ɗora Kwano?

Duk mai shago ko sito mai rufin dekin a Yelwa ya san watan Agusta. Shi ne watan da ake jera bokitai a tsakanin buhunan shinkafa, ana janye katan-katan na kaya daga jikin bango, fentin sama yana kumbura yana zubowa ɓawo-ɓawo. Da rana ta fito sai a kira birkila ya hau da buhun siminti ɗaya ya shafe inda ake zargi. Baɗi war haka a sake kiransa. Wannan jagora ta wanda ya gaji da faci ce, wanda ya ƙudura sake rufin baki ɗaya, yana kuma tambayar abin da zai saya: shimfiɗar kwalta, fentin hana ruwa, ledar roba, ko kuwa ya ɗora kwano a kan dekin ya huta.

Amsar ba a kanti take ba, a saman ginin take. Babu kayan rufin da zai ceci dekin da ruwa ke kwana a kansa, komai tsadarsa. Kuma kayan da ya fi dacewa da kai shi ne wanda ma'aikacin da ke kusa da kai zai iya gyarawa ranar da ya huje, ba wanda sai an yi waya Legas ba.

Fara da lissafin ruwan. Yelwa na samun ruwan sama kusan milimita 1,000 a shekara, mafi yawansa tsakanin Mayu da Oktoba, ƙarfinsa kuma a Agusta zuwa Satumba. Milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Ɗauki jerin shaguna mai tsawon mita 20 da faɗin mita 10, wato murabba'in mita 200. A shekara lita 200,000 ke sauka a kansa. Ruwa ɗaya mai ƙarfi na milimita 50 lita 10,000 ne, duro 50 ke nan, kuma yana iya sauka cikin awa ɗaya ko biyu. Idan mafitar ruwan biyu ce kacal, leda kuma ta toshe ɗaya, to saman shagonka ya zama tafki. Kowane santimita ɗaya na ruwan da ya kwanta kilo 10 ne a kan kowane murabba'in mita.

Amma ba ruwa ne ke fara ɓata rufin ba, rana ce. A Maris da Afrilu zafin Yelwa kan kai digiri 40 a inuwa, baƙin rufi kuwa da tsakar rana yana iya haura digiri 70. Kankare na miƙewa da zafi, yana tsukewa da sanyi. Dekin mai tsawon mita 20 da zafinsa ya sauya da digiri 30 zai motsa da kusan milimita 6. Ido ba ya gani, amma haka yake yi kullum, rani da damina, kuma mafi muni shi ne ranar da ruwan farko ya sauka kan rufin da ya wuni yana gasuwa. Wannan motsin ne ke buɗe tsagar da birkila ya shafe bara. Siminti ba ya jawuwa kamar roba, don haka facin siminti a kan tsaga mai motsi ba ya wuce shekara. Sai kuma hunturu ya zo da ƙurarsa ya cika bakin bututu, sannan danshin bakin tafkin Kainji ya hana duk abin da ya jiƙa bushewa da wuri.

Maginan soro na dā sun san duk wannan. Suna jera azara, su zuba ƙasa, su yi wa saman ɗan tudu yadda ruwa ba zai sami wurin zama ba, su fitar da indararo mai tsawo ya zubar da shi nesa da gindin bango, su shafe saman da laso ko makuba, sannan kafin kowace damina su hau su duba. Da kankare ya zo sai aka ɗauka ƙarfinsa ya wadatar, aka daina tudun, aka maida indararo ɗan siririn bututu a cikin bango, aka daina hawa. Yawancin yoyon da ke cikin kasuwanninmu daga nan ya samo asali.

Kafin ka sayi komai

Hau rufin washegarin ruwa, da alli a hannu. Duk inda ka ga ruwa kwance, ko baƙin tabon laka da gansakuka da ke nuna ya saba kwanciya, ka zagaye shi. Ruwan da ya kwana biyu bai gushe ba alamar babu gangara ce. Bi gindin rawanin rufin, wato 'yar katangar da ta kewaye saman, ka duba kusurwar da ta haɗu da dekin. A nan ruwa ya fi shiga. Duba gindin rodin da aka bari a tsaye don ginin bene, da inda aka huda aka wuce da fayif ko wayar lantarki, da ƙafafun tankin ruwa. Ka tuna inda ruwa ke ɗiga a cikin shago ba lallai nan ya shiga ba. Yakan bi ƙarƙashin daɓe ko cikin bututun waya ya yi tafiyar mita da yawa kafin ya fito.

Sai ka sauko ka ɗaga kai. Ɗauki ƙaramar guduma ka bubbuga ƙasan dekin a hankali. Inda yake da lafiya ƙararsa tsaf take, inda ya rabu da rodi kuwa za ka ji shi kamar fanko. Idan ka ga jan tabon tsatsa, ko kankaren ya ɓantare rodi ya bayyana, ko tsakiyar dekin ta ɗan sunkuyo, ka dakata da maganar kayan rufi. Rodin da ya yi tsatsa yana kumbura ya ninka girmansa, ya fasa kankaren daga ciki. Wannan ba aikin birkila ba ne, aikin injiniyan gini ne mai rajista da COREN, kuma kuɗin da za ka biya shi ya duba bai kai kuɗin naɗin kwalta kaɗan ba. Mutane ne ke wuni a ƙarƙashin wannan rufin, yaran shagonka da masu sayayya. Kada ka yi rowa a nan.

Akwai maganar da za ka ji tun kafin ka sauko daga tsani: "Alhaji, siminti mai maganin ruwa za mu zuba, mu sa tayil a kai, magana ta ƙare." Ka amsa masa da tambaya ɗaya: "Malam, ruwan ta ina zai bi ya sauka?" Maganin ruwa da ake zubawa a kwaɓin siminti yana rage tsotson ruwa, gaskiya ne, amma ba ya hana tsagewa. Tayil kuma shi kansa ba ya shan ruwa, sai dai layukan da ke tsakaninsa suna sha, ruwan ya taru a ƙarƙashi inda rana ba ta kai masa. Tayil kariya ce ga abin hana ruwa, ba shi ne abin hana ruwan ba.

Gangara

Idan za ka ci gaba da amfani da dekin a matsayin rufi, dole a fasa tsohon daɓen da facin shekaru duka a sauke su, a koma kan asalin kankaren, sannan a zuba sabon daɓe mai gangara. Ƙa'idar masu gini ita ce bayan an gama kada gangarar ta gaza 1 cikin 80. Tunda hannu ba ya rasa kuskure, sai a auna santimita 2 a kowace mita. Birkilan da ya san aikinsa zai zo da farar tiyo mai ruwa a ciki, ya buga alama a jikin rawani, ya ja zare daga tudu zuwa bakin kowane bututu, ya kafa 'yan duwatsun siminti a kan zaren kafin ya zuba komai. Wanda ya ce zai daidaita da ido, sallame shi.

A nan ne ake gamuwa da lissafin da mutane ba sa so. Kowane santimita na daɓe kusan kilo 20 ne ko fiye a kan murabba'in mita. A rufinmu mai faɗin mita 10, idan aka raba ruwan gida biyu, tudu a tsakiya, tsakiyar za ta fi gefe da santimita 10, matsakaicin kaurin ya kama wajen santimita 7. Wannan kusan kilo 150 ne a kowane murabba'in mita, tan 30 a kan rufin duka, nauyin buhu 600 masu kilo 50. Ba kowane dekin ne zai ɗauka ba, musamman wanda aka yi wa ƙwauron rodi tun farko. Shi ya sa ake sauke tsohon daɓen, shi ya sa kuma ake tambayar injiniya.

Game da mafitar ruwa, a rufi irin wannan ban yarda da ƙasa da bututu huɗu masu faɗin inci 4 ba, kowanne da raga a bakinsa, kuma a wajen bango inda ido ke ganinsa, ba a binne cikin ginshiƙi ba. A ƙara huda rawanin a wuri biyu, kamar santimita 5 sama da daɓe, don ranar da bututun suka toshe ruwan ya sami inda zai tsere kafin ya taru.

Shimfiɗar kwalta

Wannan ita ce mafi dacewa ga dekin da za a ci gaba da takawa ko ajiye tanki da sola a kansa, don haka zan daɗe a kanta. Ba tsohon fel da ake narka kwalta a duro ana shafawa nake nufi ba. Wannan rana na gasa shi ya bushe ya tsattsage cikin 'yan shekaru. Ina nufin naɗin da ake mannawa da wutar gas, mai faɗin mita 1 da tsawon mita 10, wanda aka gauraya kwaltarsa da sinadarin roba aka kuma sa masa zare a tsakiya.

Abu uku za ka karanta a jikin naɗin. Na farko irin gaurayen: za ka ga APP ko SBS. Na SBS ya fi laushi a ƙasashen sanyi, na APP ya fi jure zafi, sai wajen digiri 150 yake narkewa. Mu nan APP ne namu. Na biyu kauri: akwai milimita 3, akwai 4. Idan shimfiɗa ɗaya za a yi, 4 za ka saya, kuma ka auna da kanka, don abin da aka rubuta a leda ba kullum yake daidai da abin da ke ciki ba. Naɗin milimita 4 na gaske yana kai kilo 40 ko fiye, ƙato ɗaya da ƙyar yake saɓa shi. Na uku zaren ciki: na foliyesta yana miƙewa tare da motsin kankare, na zaren gilashi kuwa yagewa yake. Idan saman zai zauna a rana, nemi mai ɓarɓashin dutse a bayansa, ko a shafa masa fentin alminiyam, a riƙa sabuntawa.

Saboda haɗin baki, naɗi ɗaya ba ya rufe murabba'in mita 10, kusan 8 da rabi zuwa 9 yake rufewa. Rufin 200 zai ci naɗi 23 a shimfiɗe, da wasu 3 ko 4 na hawa jikin rawani. Wanda ya kawo maka lissafin naɗi 20 ya riga ya shirya tsuke haɗin. A ajiye naɗin a tsaye, a inuwa. Idan aka kwantar da su aka jibge a rana, mannewa suke su lanƙwashe.

Ga yadda aikin kirki yake idan ka tsaya kana kallo. Daɓen ya bushe ƙarau. Gwajinsa mai sauƙi ne: manna farar leda mai faɗin kamu biyu a kan daɓen da salatif, ta kwana, in da safe ka ga gumi a ƙarƙashinta, a ƙara jira, don danshin da aka rufe shi ne ke tashi da zafin rana ya yi wa shimfiɗar ƙuraje. An cike kusurwar da ke tsakanin daɓe da rawani da siminti ta zama gangare, saboda kwalta ba ta son lanƙwasa mai kaifi. An share ƙura tas, an shafa baƙin faraima ya bushe. Ana farawa daga bakin bututu a hau zuwa tudu, yadda kowane layi zai hau kan na ƙasansa, ruwa ya bi ta kan haɗin ba ya tunkare shi ba. Mai wutar yana tafe da baya, yana lasar ƙasan naɗin da harshen wuta har siririyar ledar da ke jiki ta narke kwaltar ta yi sheƙi, abokinsa yana turo naɗin a hankali yana dannawa. A gefe layi ya hau kan layi da santimita 10, a ƙarshen naɗi da 15. Alamar haɗin ya kama ita ce siririn layin narkakkiyar kwalta da ya ɓullo a bakinsa, kamar kaurin fensir. Inda babu wannan layin, sa bakin sukundireba ka gwada. In ya shige, a sake. A jikin rawani shimfiɗar ta hau aƙalla santimita 15, a tsaga bangon a cusa bakinta a ciki a toshe. Idan aka bar bakin a manne a fili, ruwan da ke bin bango zai shiga ta bayanta, aikin duka ya tashi a banza.

Abubuwa biyu ke kashe ta. Na farko mai: fetur, gas ɗin janareto da baƙin mai suna narka kwalta. In janareto zai zauna a sama, a yi masa dakali da tire a ƙarƙashi. Na biyu huji. Mai sola kada ya huda, ya ɗora ƙarafansa kan tubalan kankare. Tankin lita 2,000 tan 2 ne idan ya cika, wurinsa kan ginshiƙi ko bim, bisa dakalinsa. Inda za a riƙa shanya shinkafa ko kifi, ko a riƙa takawa kullum, a shimfiɗa leda mai kauri a kan kwaltar sannan a zuba siririn daɓe ko a jera falan kankare. Idan an yi ta daidai an kuma kare ta daga rana, shekara 10 zuwa 15 ba abin mamaki ba ne, wani lokaci fiye.

Kuma wuta ce ake aiki da ita. Sito mai ƙaiƙayi, shagon katifa, ko inda ake ajiye jarkokin fetur, a kwashe abin da ke kusa da hujin da ya ratsa dekin, a ajiye abin kashe gobara a sama, wani kuma ya zauna aƙalla awa ɗaya bayan an kashe gas yana dubawa.

Fenti da ledar roba

Fentin hana ruwa yana da daɗin aiki: buroshi da rola, babu wuta, kuma yana bin kowane lungu. Ga ƙaramin rufi mai fayif da ƙafafun ƙarfe da yawa, ko baranda, yana da amfani. Mai akirilik ya fi araha, farinsa na mayar da rana, amma ba ya jure ruwan da ya kwanta, laushi yake ya saɓule. Mai foliyuritan ya fi ƙarfi da miƙewa, ya fi tsada, ba ya son danshi a daɓe ranar shafawa. Matsalarsu ɗaya: kaurin a hannun mai shafawa yake. Bokitin da kamfani ya ce na murabba'in mita 15 ne, ana iya jan shi ya rufe 40, ya yi kyau a ido, ya huje a damina ta biyu. In za ka bi wannan hanya, ƙirga bokitan da kanka, a sa ragar zare a kan tsaga da kusurwa tsakanin shafi na farko da na biyu, ka kuma sa a ranka za ka sabunta bayan 'yan shekaru.

Ledar roba ta PVC, TPO ko EPDM ita ake shimfiɗa wa manyan kantuna da masana'antu a Turai da Amurka, kuma kayan kirki ce. PVC da TPO da injin iska mai zafi ake haɗa bakinsu, EPDM da gam na musamman. PVC ba ta jituwa da kwalta, sai an raba su da wani abu. Ban ba mai jerin shaguna a Yelwa, Wara ko Shanga shawararta ba, sai in gininsa babba ne ƙwarai kuma kamfanin ya rubuta cewa zai dawo gyara. Ranar da ƙusa ta huda ta, wa zai like?

Ɗora kwano a kan dekin

Tambayi kanka tsakani da Allah: benen nan da aka bar wa rodi a tsaye, za a gina shi cikin shekara biyar masu zuwa? Idan amsar a'a ce, kuma ba ka amfani da saman, to ni a ganina ɗora kwano ya fi komai. Nauyinsa da katakansa ko ƙarafansa da wuya ya wuce kilo 25 a murabba'in mita, ka kwatanta da 150 na daɓe. Yana raba kankaren da rana, motsin ya ragu, shagon ya yi sanyi. Ga mai kemis wannan ba ƙaramin abu ba ne, tunda yawancin magunguna an rubuta a kwalinsu a ajiye su ƙasa da digiri 25 ko 30. Haka mai ɗakin sanyin kifi da mai ƙanƙara, da ke biyan zafin rufi da man janareto. Ga shi kuma babu garin da za ka rasa kafinta ko mai walda da ya iya kwano. In Allah ya hore kuɗin benen daga baya, a kwance kwanon a mayar da shi sama.

Dogon kwanon alminiyam ba ya tsatsa, kuma da yake a tsawon rufin ake yanko shi, babu haɗi a tsakiya. Kaurinsa akwai 0.45, 0.55 da 0.7 na milimita. Ga ginin kasuwanci kada ka sauka ƙasa da 0.55, kuma a auna a gabanka ranar da aka sauke kaya. Araha ba ta ado. Aluzinc ƙarfe ne da aka lulluɓe da gaurayen alminiyam kashi 55 cikin 100 da tutiya. Ya fi alminiyam tauri, ya fi kwanon bandir na gama-gari daɗewa nesa ba kusa ba. Alminiyam yana motsi fiye da ninki biyu na kankare: falle mai tsawon mita 10 zai miƙe da kusan milimita 9 idan zafinsa ya ƙaru da digiri 40. Don haka a ɗaure shi a kan tudun kwanon da sukuru mai woshar roba, kada a matse har wurin ya lotsa. Kada kuma ya taɓa ɗanyen siminti, cin sa yake. Ga masu gini a Wara, Libata ko tsibiran da sai da jirgin ruwa, a yi tunanin yadda falle mai mita 10 zai isa bai lanƙwashe ba. Wani lokaci gara gajeru biyu da haɗi mai faɗi.

Kuskure mafi yawa a nan shi ne son ɓoye kwanon. Ana ɗaga rawani, a kwantar da kwanon kusan a shimfiɗe a bayansa, a yi kwata a ciki, don ginin ya yi kama da na birni. Wannan kwatar ta ɓoye ita ce ke cika da ganyen darbejiya da leda, ta tumbatsa ta koma ciki. Ba kwanon gangara ta gaske, kamar digiri 10, wato kusan santimita 18 a kowace mita, ya zarce bango, ruwan ya zuba waje ko cikin kwatar da ake gani.

Sai iska. Hadarin farkon damina, wanda galibi daga gabas yake tasowa, ba danna kwano yake ba, ɗaga shi yake, kuma ya fi ƙarfi a gefuna da kusurwoyi. Katakon ko ƙarfen gindi a ɗaure shi da noti cikin kankaren ko a walda shi jikin rodin da aka bari, ba a ɗora bulo a kai ba. A ƙara yawan sukuru a layin gefe. Katako, tubai-fo ne ko tubai-tiri, ya zama busasshe, an jiƙa shi da maganin gara. Tsakanin dekin da kwano a bar ƙofofin iska a ɓangarori biyu, da raga, don zafi ya fita jemagu da tantabaru kuma kada su shiga. A bar 'yar ƙofa da mutum zai iya shiga ya duba.

Mai siton albasa, wanda ƙasar Yauri ba ta rasa irinsa, ya sani cewa abin da albasa ke so iska ce. Rufaffen dekin ko ba ya yoyo ba wurinta ba ne. Dogon rufin kwano mai buɗaɗɗun gefuna ya fi mata.

Wani gargaɗi ga mai tsohon gini. Madatsar Kainji da aka kammala a 1968 ta tashi mutane sama da 40,000, kuma da yawa daga gidajen da aka gina musu a sababbin matsugunai da asbesto aka rufe su. Haka tsofaffin ofisoshi, makarantu da silin na wancan zamani. Idan wani ɓangare na gininka yana da shi, kada a fasa shi da guduma ko a yanka da injin. Ƙurarsa na jawo cutar huhu da daji bayan shekaru. A jiƙa shi, a kwance shi falle-falle, masu aikin su rufe hanci da abin kariya na gaske, kada kuma a bar yara su kwashi ɓaraguzan.

Lokaci da yarjejeniya

Aikin rufi na rani ne. A fasa a zuba daɓe a Nuwamba ko Disamba, a riƙa ba shi ruwa kwana 7 an lulluɓe shi da jiƙaƙƙun buhuna, don iskar hunturu na busar da samansa da sauri ta tsattsaga shi. A bar shi mako uku zuwa huɗu ya bushe, a yi shimfiɗa a Janairu ko Fabrairu. Wanda ya jira har hadari ya fara haɗuwa a Afrilu zai rufe danshi a ciki, ko ruwa ya same shi rufi a buɗe kaya a ƙasa.

Wajen kwatanta farashi, kada ka tsaya kan kuɗin yau. Raba kuɗin kowane zaɓi da shekarun da zai yi, ka haɗa da kuɗin sabunta fenti, da kuɗin mota daga inda za a kawo kayan, da kayan da yoyo ya ɓata maka a damina biyun da suka wuce. Nemi ma'aikacin ya kai ka rufin da ya yi wanda ya ga damina uku, ka hau, ka kuma tambayi mai shagon da ke ƙasa ba a gabansa ba.

A rubuta yarjejeniya gaban shaidu: sunan kayan, kaurinsa, yawan naɗi ko falle, faɗin haɗi, yawan bututu, da wanda zai kwashe ɓaraguzai. Kafin a biya kuɗin ƙarshe na shimfiɗa ko fenti, a toshe bututun a cika rufin da ruwa kamar santimita 5, a bar shi awa 24 zuwa 48, ana duba ƙasa. Wannan kilo 50 ne a murabba'in mita, don haka sai dekin da injiniya ya amince da shi. Bayan an buɗe bututun, a koma a ga ko akwai inda ruwa ya rage. A manyan kwangiloli akan riƙe kashi 5 cikin 100 na kuɗin har a ga lafiyar aikin. Kai ma ka riƙe wani abu, ku amince tun farko cewa sai ƙarshen Satumba za a biya shi. Ka ajiye ragowar naɗi ɗaya da galan na faraima, ko fallen kwano biyu da sukuru, saboda gyara, ka kuma sa yaron shago ya riƙa hawa da tsintsiya a ƙarshen Afrilu, da tsakiyar damina, da duk bayan iska mai ƙarfi.